Matacce Ne Ya Duba Ƙugun Inna

Akwai wani injiniyan kwamfuta a wani katafaren asibiti, ana ce masa Sarkin Waya. Kai kamar buhun auduga, ga girma ba nauyi. In ka gaishe shi da gira yake amsawa.

A asibitin akwai manhajar da likitoci ke duba hoton ƙashi da ita. Ita manhaja ba akuya ba ce da za ka saya ka ɗaure a gida, izinin aiki da ita ake saya, shi ne lasisi. Takardun kuwa suna hannun wata dattijuwa, Uwar Fayil.

Ana nan sai Baba Likita, tsohon da ya shekara talatin yana duba hoto, ya rasu. Aka ɗauko sababbin likitoci bakwai.

Uwar Fayil ta hau bene tana haki, ta ajiye wa Sarkin Waya takarda.

"Ɗana, lasisin marigayi na suna ne. Akwai wanda ke manne da na'ura, kowa ya zauna ya yi aiki. Akwai na karɓa-karɓa, wani ya tashi wani ya hau. Wannan kuwa na mutum ɗaya ne, kamar buroshin haƙori. Cike nan a rufe nasa, a buɗe wa kowa da sunansa."

Ya kwashe da dariya.

"Iya, ke da jikanki ke kunna miki waya za ki koya min aiki? Shafi tara zan cike saboda abin da zan gama kafin ki sauka benen nan?"

Ya rubuta lambar sirrin marigayi a 'yan takardu bakwai, ya manna wa kowane likita a ƙasan tebur.

Tun ranar asibitin ya canza.

Rana tsaka, likita na cikin duba hoto, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Can rubutu ya fito a hankali: Baba Likita ya shiga daga wani ɗaki.

Sakamako kuma ya riƙa fitowa da sunan marigayi a ƙasa, ga kwanan watan yau ɗanye shar. Wani mara lafiya da ya je jana'izar da ƙafarsa ya karanta tasa takardar, ya yar da ita, ya fita ba takalmi. Mai shara ta daina bi ta barandar, ta ce in ta wuce ƙofar marigayi na'urar buga takarda na tari ita kaɗai.

Sarkin Waya ya san dalili sarai. Suna ɗaya ba ya zama a ɗaki biyu, in wani ya shiga sai a tunkuɗo wani. Amma ya ce a ransa ai aiki na tafiya.

Likitocin kuwa suka koyi sauri. Kowa kallo ɗaya yake wa hoto ya rubuta, kafin tsohon ya kore shi.

Ran nan Innar Sarkin Waya ta zame a banɗaki. Shi da kansa ya turo ta a keke, yana daka wa masu layi tsawa. Aka yi hoto, sakamako ya fito: babu karaya, a shafa magani.

Sati uku Inna na kwance tana cije leɓe. Da aka kai ta wani asibiti, likitan can ya ɗaga hoton sau ɗaya ya ce, "Ƙugu ya tsage tun farko. Yanzu ya ɗinke a karkace. Tafiya kam sai da sanda, in ma an samu."

Sarkin Waya ya dawo kamar zai ci babu.

"Wane makaho ne ya duba hoton uwata?"

Likitoci bakwai suka hau kallon juna. Uku suka ce sun tuna sun buɗe, aka kore su. Wanda ya ƙarasa, babu wanda ya sani.

"To na'ura ba ta ƙarya!"

Ya zauna ya buɗe rajistar masu shiga manhajar da hannunsa. Layi ɗari huɗu, sama da ƙasa, suna ɗaya ne. Sunan Baba Likita.

Da ya koma gida Inna ta kira shi bakin gado.

"Auta, ka gano likitan? Ba faɗa zan yi ba. Kawo min shi in ce na yafe, kada ya kwana da haƙƙina."

Ya sunkuyar da kai.

"Inna, sunan da ke takardar, mai shi ya rasu tun kafin ki faɗi."

Ta dube shi ta ce:

"To wa zan yafe wa?"



Darasi: Lasisin da aka yanka da sunan mutum nasa ne shi kaɗai. In ya tafi a rufe, kowa ya yi aiki da sunansa, don ranar kuskure a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma in babba ya hau bene ya kawo maka takarda, karanta kafin ka yi dariya. Ku tura wa duk mai manna lambar sirri a ƙasan tebur, kun san su, wasunku ma ku ne.