Jatau Kurege da Bikin Bokaye

Ku gyara zama, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wani kurege ne, sunansa Jatau, yana zaune da tsohuwar uwarsa, Inna Yalwa, a gindin wata kuka. Jatau akwai wayo, akwai kuma ciki. In ya ji ƙamshin suya a ƙauyen gaba, sai ya tuna yana da dangi a can.

Ubansa, Cindo, boka ne, ya rasu da kaka. Tun daga ranar Inna Yalwa ta daina dariya. Sai ta zauna bakin ƙofa, ta ɗora jar hular mijinta a cinya, tana shafa layun da ke jikinta. In Jatau ya yi mata hira, ta ce to. In ya yi mata rawa, ta ce sannu. Abin ya dame shi, don duk haɗamarsa, uwar nan tasa yana sonta.

Rannan sai ya ce, "Inna, gidan nan ya yi shiru da yawa. Zan tara maƙwabta. Kowa ya zo da shigar bokaye irin ta Baba, a yi kiɗa, a yi wasa."

Ta ce, "Me za ka ba su su ci?"

Ya ce, "Ai su za su kawo."

Ta dube shi, ta dube shi, ta ce, "Dama na sani."

Kada ku zalunce shi, yara. Rabin zuciyarsa na kan uwarsa. Ɗaya rabin ne ke kan nakiya.

Ya bi gida gida yana cewa, "Gobe da hantsi akwai bikin bokaye a gidanmu. Kowa ya yi shiga. Amma fa aljanin gidanmu, Mai Randa, ba ya son a zo masa hannu wofi." Ya dawo, ya gungura babbar randar ubansa tsakar gida, ya huda gindinta. Ya tona rami daga bayan ɗaki har ƙarƙashinta, ya rufe bakinta da faifai.

Gari ya waye, bokaye suka fara sallama. Bushiya ta shafa toka har ido, ta soke laya a kan kowace ƙaya. Kunkuru ya liƙa madubai a bayansa, yana tafe yana kashe wa jama'a ido. Zabuwa ta ɗaura ƙaho a ka, ƙahon ya fi ta nauyi, sai jirkicewa take. Zomo ya zo da wutsiyar saniya yana kaɗa wa kowa, yana cewa ya ga arziki a goshinsa. Kowa ya zo, ya ɗaga faifai, ya zuba abin da ya kawo: nakiya, alkaki, dakuwa, ƙuli-ƙuli, har da saƙar zuma.

Jatau ya durƙusa gaban uwarsa, ya ce, "Inna, ki ara mini hular Baba." Ta daɗe tana riƙe da ita. Can ta sa masa da hannunta, ta gyara masa ita a kan kunne.

Kiɗa ya yi daɗi, sai Jatau ya sulale bayan ɗaki, ya bi rami, ya ɓullo cikin randa. Ya ce, "Loma ɗaya kawai." Ya ci nakiya. Ya ce, "Loma ɗaya kawai." Ya ci alkaki. Ya ce, "Loma ɗaya kawai." Sai ga randa wayam, shi kuwa ciki ya yi tulu. Ya juya zai koma rami, ciki ya ce ba hanya. Ya ɗaga kai zai fita ta sama, ciki ya ce ba hanya.

Yana nan yana nishi, sai ya ji an yi sallama da wata irin murya. Ya sa ido a wata 'yar tsaga da ke jikin randar. Wata bokanya ce ƙatuwa, ta lulluɓe da buzu tun daga kai har ƙasa, tana ɗingishi. Jama'a suka yi ta tafi, suna cewa shigarta ta fi ta kowa. Ta wuce kowa, ta je ta zauna dab da Inna Yalwa. Buzu ya ɗan zame. Jatau ya ga ƙafa mai dabbare-dabbare, ya ga miyau yana ɗiga a ƙasa.

Kura ce.

Zuman bakinsa ya koma ɗaci. Ga uwarsa, tsohuwa, ba ta iya gudu. Ga shi a toshe kamar marfi. In ya yi ihu, kowa ya watse, a bar Inna ita kaɗai.

Sai ya ja numfashi, ya kafa baki a jikin randa, ya saki murya. Randa ta amsa, gum-gum-gum.

"Ni ne Mai Randa. Na ci nakiya, ban ƙoshi ba. Na ci alkaki, ban ƙoshi ba. Nama nake so."

Jama'a suka yi shewa, sun ɗauka cikin wasan ne.

"Nama nake so, mai dabbare-dabbare."

Zabuwa ta dubi jikinta, ta zube ƙasa da ƙahonta, ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da ƙwai a gida."

"Ba mai fiffike ba. Mai ƙafa huɗu. Mai gajeren baya. Mai ɗingishi. Wadda ta zo bikina ba ta kawo mini komai ba."

Buzu ya fara rawa. Daga ciki Kura ta ce, "Ni hanya ce ta biyo da ni."

"To tsaya nan, ga ni nan tafe."

Jatau ya jefa ciki dama, ya jefa ciki hagu, ya jefa dama, randa ta kife, ta gangaro gurum-gurum, ta nufi Kura. Kura ta ga randa na tafiya da kanta. Ta yi tsalle ɗaya, ta keta danga, ta bar buzu a rataye, ba ta waiwayo ba har daji.

Randa ta daki turmi, ta tarwatse. Sai ga Jatau a zaune cikin gutsattsarin randa, ciki kamar ganga, gashin baki duk zuma, jar hula ta rufe masa ido ɗaya.

Baƙi suka kewaye shi. Bushiya ta ce, "Ina alkakina?" Kunkuru ya ce, "Ina dakuwata?" Jatau ya buɗe baki zai yi ƙarya, sai gyatsa ta riga ta fita.

Nan ne suka ji wani sauti da an daɗe ba a ji ba. Inna Yalwa ce ke dariya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka zama na gaske. Ta ce, "Muryar Cindo ke nan. Haka yake yi cikin randar nan in masu neman magani sun zo. Ko ni da ya zo neman aurena, da ita ya tsorata yayyena." Ta jawo Jatau, ta share masa baki da gefen zanenta. Ta ce, "Sannu, ɗan ubansa. Na ga ƙafar Kura, ni ma. Na zauna ne kada yara su firgita."

Sai ta miƙe, ta ce wa baƙi, "Ya cinye naku, ya kuma ceci wuyanku. Ku zauna, yau ni zan ciyar da ku." Ta buɗe rumbu, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da man shanu. Bokaye suka zauna da tokarsu da madubansu, suka yi ta ci, tana ba su labarin Cindo.

Jatau kuwa yana kwance, kansa a cinyarta, ƙamshi na shiga hancinsa, ba wurin sa ko loma ɗaya. Ya ce a hankali, "Inna, za su cinye duka?"

Ta shafa kansa, ta ce, "Yi shiru. Na rufe maka naka a akushi. Gobe ka ci ɗumame."

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. Wanda duk zai shiga randa, ya auna cikinsa na bayan ci, ba na kafin ci ba. In kuma uwarsa na da rai, ya rage wurin tuwo.