Ba a Shiga da Bindiga Gidan Tuwon Haladu

To, kowa ya ajiye wayarsa ya ba ni kunne. Wannan ba ta Gizo da Ƙoƙi ba ce, kuma in na kai ƙarshe ku zan bari da ita.

A wani gari da ke bakin daji, inda ɓarayi suka hana mutane sakat, akwai wani ɗan acaɓa ana ce masa Tanimu. Mutum ne marar kwaramniya. Kullum da rana wuri ɗaya yake cin abinci, gidan tuwon wasu 'yan'uwa uku a bakin kasuwa. Haladu ne babba, shi ke da ta cewa. Zubairu yana tsaron ƙofa, Ishaƙa autansu yana kan tukunya.

Gidan yana da doka guda: ba a shiga da bindiga. A garin da 'yan sa-kai ko ɗaurin aure za su sai da bindiga a kafaɗa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Haladu ya kafa dokar tun ranar da wani ya jingine tasa a benci, aka ture ta da ƙafa, ta tashi ta huda kwanon rufi, wata mai ciki ta suma. 'Yan sa-kai suka yi fushi suka ƙaurace wa gidan, ciniki ya faɗi, har ƙannensa suka fara guna-guni. Haladu ya ce, "Nan manomi ke ci, makiyayi ke ci, masu rigimar gona su haɗu a benci ɗaya. In rai ya ɓaci, ina so hannu ya tarar da cokali, ba kunamar bindiga ba." Shi kuwa in ya kafe, sai dai a haƙura.

Zubairu ne ya dawo da su. Ya gane ba ajiye bindigar ke damunsu ba, miƙa ta ne, don a wurinsu in wani ya riƙe maka bindiga ya karya laƙanin da ke jikinta. Sai ya kafa turaku a bangon wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa. Kowa ya shiga ya rataye tasa da hannunsa, shi Zubairu nasa kawai ya kulle ɗakin ya riƙe mabuɗi.

A cikin 'yan sa-kan akwai Jatau, wanda ɓarayi suka ɗauke mahaifiyarsa, Inna Kande, daga gona. Jatau ya rantse ba za a kai musu ko ƙwayar gero ba, sai dai a shiga a ƙwato ta. Su kuma suka aiko cewa ba su da abin ciyar da tsohuwa, in an ga dama a bar ta da yunwa. Ƙanenta, Kawu Dikko, ya kira Tanimu a ɓoye ya roƙe shi ya riƙa kai burodi bakin daji, ya sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Tanimu ya ji tsoro ƙwarai, amma tsohuwar ta goye shi yana ƙarami, ya kasa cewa a'a.

Ai kuwa aka gan shi.

Ranar kasuwa ce, gidan tuwo ya cika maƙil. Da safiyar nan shugaban 'yan sa-kai ya roƙi Haladu ya ɗaga musu ƙafa na yini ɗaya, don ana jita-jitar hari. Haladu ya ce ko na loma ɗaya ba zai ɗaga ba, ya hau mota ya tafi sayo shinkafa a wani gari. Da azahar Tanimu ya yi sallama, sai wani daga lungu ya ce, "Ga infoman nan, mai kai wa ɓarayi burodi!" Kun dai san kalmar nan, wanda aka liƙa wa ita ba ya kaiwa gaban alƙali.

Jatau yana tsakiyar cin tuwo. Ya kai hannu kafaɗa, ya ji wayam.

"Kai Tanimu, gaskiya ne?"

Tanimu ya buɗe baki, ya tuna rantsuwa, ya rufe. Shirun nan ya zama amsa. Tanimu ya ruga ɗakin ajiyar hatsi ya danna sakata. Ƙofar ta ƙarfe ce, ba mai ɓalle ta, amma akwai taga mai sanduna. Mutum ba zai shiga ta nan ba, bakin bindiga kuwa zai shiga sarai. Tanimu ya durƙusa tsakanin buhuna yana kalmar shahada, yana tuna matarsa Hansatu da tsohon cikinta.

Jatau ya yi ƙofa yana neman mabuɗi. Zubairu ya jefa shi cikin aljihun wando, ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da ɗakin bindigogi. Ya ce, "Yaya Jatau, da hankalinka ka rataye ta, da hankalinka za ka ɗauka." 'Yan sa-kai suka ja shi, ya riƙe mariƙin ƙofa. Suka doke shi har haƙorinsa ya fita, bai saki ba. Tanimu yana jin komai daga ciki.

Shi kuma Ishaƙa, da kuke ganin ba ya sanin komai sai gishirin miya, ya tuna ya taɓa ganin Kawu Dikko a gidan burodi yana ɗaura wa Tanimu kwali a bayan babur. Tsohon da ko shayi ba ya saya, me zai yi da kwalin burodi? Ya bar miya a wuta, ya fice ta baya, ya haye babur ɗin Tanimu, shi da bai gama koyo ba. Ya faɗi a hanya ya kwaile gwiwa, ya tashi, ya tarar da tsohon a gona, ya ɗauko shi da fartanyarsa a hannu.

Sun iso an riga an janye Zubairu gefe, ana ɓamɓare kwaɗon ɗakin bindigogi da ƙarfen taya. Kawu Dikko ya kutsa yana haki, ya kama rigar Jatau.

"Kai marar kunya, burodin nan uwarka ke ci! Ni na aike shi."

Ƙarfen ya faɗi daga hannun Jatau. Ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban 'yan kasuwa. Haladu bai dawo ba sai la'asar, ya tarar da miya ta ƙone, ƙane ɗaya ba haƙori, ɗaya yana ɗingishi.

Daga baya Allah Ya kuɓutar da Inna Kande. Hansatu kuma ta sauka lafiya, namiji. Tanimu ya ce ɗan nan da maraya za a haife shi, don haka sunan wanda ya ceci ubansa zai ci. Daga nan kansa ya ɗaure. In ya ce Haladu, a ce ai ko wurin ba ya nan. Amma ba don taurin kansa ba, da bindigar tana kafaɗar Jatau, da an gama kafin kowa ya tashi. In ya ce Zubairu, shi ya zubar da jini, kuma ba don dabararsa ba da ba wanda ya rataye komai. Amma fa a ƙarshe an janye shi. In ya ce Ishaƙa, shi ya kawo gaskiya, amma da me zai tarar in ba a saya masa lokaci ba?

Gobe suna, an ɗaure rago, liman yana jiran a raɗa masa. Yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ci. To, ku faɗa mini, Haladu, Zubairu ko Ishaƙa, wa ya fi cancanta a yi masa takwara?