Ranar Da Armaya'u Ya Ƙone Karan Gonarsa

Akwai wani manomi a Karare, cikin ƙasar Batsari, sunansa Malam Armaya'u. Dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana. Da zarar an gama girbi, kullum da la'asar za ka same shi zaune a bakin gonarsa yana kallon burtali, hanyar nan da shanu ke bi. Mutanen gari har sun saba. Masu tsokana kan ce, "Malam, har yanzu baƙon naka bai iso ba?" Sai ya yi murmushi kawai.

To jama'a, su wasa suke yi, amma shi da gaske mutum yake jira. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Sunan mutumin Daudu, Bafulatani ne makiyayi. Tun suna samari suke tare. Duk shekara in an yanke gero da dawa, Armaya'u ba ya taɓa karan gonarsa. A tsaye yake barinsa. Ba aike, ba wasiƙa: Daudu na hango kara a tsaye ya san an ce masa bisimilla. Sai ya sauka da iyalinsa da garkensa, su kafa bukkoki a gefe, su yi rani a nan.

Shanu su ci kara, su zuba taki. Kuma Daudu gwani ne, ba ya barin shanu su kwana wuri ɗaya fiye da kwana uku. Haka zai yi ta matsar da makwancinsu har sai kowane lungu na gonar ya samu rabonsa. In damina ta zo, dawar Armaya'u sai ta shanye kan mutum.

Shi kuma Armaya'u ya ba su dammunan gero. Matarsa Zuwairatu ba ta taɓa sayen nono ko man shanu ba. A gonar nan ma aka haifi 'yar Daudu, Nusaiba, kuma Zuwairatu ce ta yi ta ɗawainiyar ruwan wankan jego.

Sai Allah ya buɗa wa Armaya'u. Ya zama dilan takin zamani a kasuwar Batsari. Ya yi babur, ya yi rufin kwano, ya yi sababbin abokai masu manyan riguna. Kun dai san halin ɗan Adam in ya ji ɗumi a aljihu.

Wata rana abokan suka zo gidansa, suka tarar da Daudu zaune a zaure da sandarsa da malafarsa, takalminsa duk kashin shanu. Bayan ya fita sai ɗayansu ya toshe hanci ya ce, "Haba Armaya'u! Kai da kake sayar wa duniya taki a buhu, har yanzu kashin shanu kake zuba wa gonarka? Wa zai sayi kayanka in ya ji haka?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma maganar ta zauna masa a rai.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, Armaya'u bai iya kallon idon amininsa ya ce, "Bana ka yi haƙuri" ba. Ina! Ba shi da wannan ƙarfin halin. Da aka gama girbin shekarar, sai ya tara karan gonar kaf, ya cinna masa wuta. Karan da ake yin darni da shi, ake ba dabba, shi ya mayar toka don kawai saƙo ya isa ba tare da ya buɗe baki ba.

Bayan kwana huɗu Daudu ya iso da hantsi. Shanu a gaba, jakuna ɗauke da kaya, mata da yara a baya. Ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallon baƙar ƙasa. Armaya'u na zaune kan baburinsa a ƙarƙashin gawo.

"Salamu alaikum, Armaya'u. Ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, Daudu. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya su Zuwairatu? Ya yara?"

"Duk lafiya."

Daudu ya gyaɗa kai. Bai tambayi wuta ba, bai tambayi dalili ba. Cewa kawai ya yi, "To, Allah ya ba mu alheri." Ya ɗaga sanda ya juya garken, suka bi burtali suka nufi wajen Safana.

Zuwairatu ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Malam, wallahi ka yi abin kunya. Ko ruwa ba ka ba su ba."

Shekarun farko gonar ta yi kyau, gaskiya. Armaya'u yana taƙama. Daga nan ƙasar ta fara gajiya. Inda buhun taki biyu ke isa da, ya koma sai huɗu. Ƙasar ta yi fari, ta zama rairayi, in an yi ruwa da safe kafin azahar ta bushe. Taki ya yi tsada, dilancin ya mutu, abokai masu manyan riguna kowa ya kama gabansa.

Amma ba gonar ce ta fi damunsa ba. Kewa ce. Kewar kukan maruƙa da asuba. Kewar hayaƙin bukkoki. Kewar zaman da suke yi a kan tabarma ɗaya, ƙwaryar fura a tsakiya, su yi awa guda ba wanda ya ce uffan kuma ba wanda ya gundura. Duk garin nan da yawan jama'arsa, bai sake samun wanda zai yi irin wannan shirun da shi ba.

Ya ji labarin Daudu ya zauna a Tsaskiya. Zuwairatu ta ce, "Tsaskiya ce fa, Malam, ba bangon duniya ba. Ka hau babur ka je."

Sai ya ce, "Da wane ido zan kalle shi? Bari dai, in ya huce zai zo da kansa."

Da farko girman kai ne ya hana shi. Daga baya kunya. Daga baya kuma daji ya lalace, hanya ta zama abin tsoro, sai ya samu hujjar da zai fake da ita. Duk shekara yana yanke karansa ya loda a amalanke ya sayar kamar kowa, gona ta zama fili fetal, sannan ya zauna a bakinta yana kallon burtali. A ransa yana ta shirya maganar da zai faɗa ranar da Daudu ya ɓullo. Ya gyara nan, ya ƙara can.

Ana nan, sai bana da aka samu ɗan sauƙin hanya, wata ƙungiyar manoma ta shirya taro a Safana, na kwana biyu, kan noma da kiwo ba tare da sinadari ba. Armaya'u bai damu da taron ba, sai da ya ji an ce matan Tsaskiya masu ƙungiyar nono za su kawo kaya.

Ranar ko karin kumallo bai tsaya yi ba. Ya sa rigarsa ta Sallah, ya sayi goro fari ƙwarya guda, ya shiga bayan a-kori-kura. Zuwairatu ta raka shi har ƙofa tana cewa, "Ka gaishe min da su. Ka ce ina nan ina cigiyarsu."

Wurin taro ya cika maƙil. Manoma daga Batsari, daga Safana, makiyaya da sandunansu, an jera kujerun roba. A waje an kafa rumfuna: nan iri, can takin gargajiya a kwanduna, can kuma ƙore na nono da kindirmo da man shanu.

Wani malamin gona, Malam Zaharaddeen, ya riƙe lasifika yana nuna hotuna a majigi. Ya ce, "Iyayena, ƙasa ma tana jin yunwa. Takin buhu yana ciyar da shuka, amma ba ya ciyar da ƙasa. In kun yi girbi ku bar kara a gona. Ku yi shiri da makiyayi ya sauka. Shanu su ci, su zuba taki, a riƙa matsar da su duk bayan 'yan kwanaki. Manomi ya samu ƙasa mai rai, makiyayi ya samu nono mai tsabta. Yanzu a birane nonon da ba a haɗa shi da komai ba shi ake rububi."

Wani tsoho a bayan Armaya'u ya ce, "Ikon Allah! Wato abin da muka tashi muka tarar, shi ne yau aka ƙona man mota aka zo koya mana." Aka kwashe da dariya, aka tafa.

Armaya'u bai yi dariya ba. Kowace kalma kamar da shi ake. Idonsa na yawo cikin malafun makiyayan nan ɗaya bayan ɗaya, bai ga wadda yake nema ba. Ya kasa zama. Ya tashi ya fita wajen rumfuna.

Ya tsaya gaban masu nono ya yi sallama. "Bayin Allah, don Allah ko akwai mutanen Tsaskiya a nan?"

Wata mata da goyo, ita ce ma shugabar ƙungiyar, ta ɗago kai daga ƙwaryar da take gyarawa. Ta ƙura masa ido. Sai ta ajiye ludayi ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa Armaya'u? Ina wuni, Baffa?"

"Lafiya lau, 'yata. Amma ban gane ki ba."

"Nusaiba ce, Baffa. Ta Daudu. Wadda aka haifa a gonarka."

Ya sake kallonta da kyau. Yarinyar da ya bari tana bin maruƙa da gudu, ga ta da ɗa a baya. "Allahu akbar! Nusaiba! Ke ce haka? Ya mutanen gida? Ya innarki?"

"Tana lafiya. Ya Inna Zuwairatu?"

"Tana nan, tana gaishe ku." Ya gyara riƙon goron. "Ina Daudu? Yana ciki ne? Na duba ban gan shi ba."

Nusaiba ta sunkuyar da kai. "Baffa, ashe ba ku ji ba. Baba ya rasu. Damina biyu ke nan."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Aka miƙo wa Armaya'u benci ya zauna. Can ya ce, "Na jira shi, 'yata. Wallahi duk shekara ina bakin burtali. Me ya sa bai zo ba ko sau ɗaya?"

"Shi ma jira yake yi, Baffa."

"Jira? Jiran me?"

"Duk shekara in an gama girbi, sai ya tare masu babur da ke bi ta Karare. Ya ce don Allah su duba masa gonar Armaya'u ta bakin burtali, su gani ko akwai kara a tsaye. Su dawo su ce masa an kwashe tas. Sai ya ce, 'To, bana ma bai shirya ba. Mu ƙara masa shekara.' Manoma da yawa sun neme shi ya sauka a gonarsu, ba ya amsa wa kowa sai masu babur sun dawo."

Armaya'u ya dafe kai da hannu biyu. "Sayarwa nake yi! Wallahi ba kora ba ce, sayarwa kawai nake yi! Ban san yana dubawa ba!"

"Ka san Baba da kunya. Ya ce ba zai zo ya tsaya maka a ƙofa ka karɓe shi don nauyin ido ba."

A cikin ɗakin taro ana ta tafi, an kira wani ya karɓi kyauta. A waje kuwa dattijo ne ke kuka gaban ƙoren nono, hawaye na bin gemunsa, matan duk sun kawar da kai don kada su ƙara masa.

Da kyar ya ce, "Nusaiba, ki gaya min tsakaninki da Allah. Ya yafe min kafin ya tafi?"

Ita ma ta share ido da gefen mayafinta. "Baffa, ban taɓa jin ya ce ka yi masa laifi ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne yana kewarka."

Armaya'u bai koma cikin taron ba. Ya roƙi a kai shi Tsaskiya. Aka samo masa mai babur, mijin Nusaiba ya bi su a baya, suka isa bayan la'asar. Aka nuna masa wurin a maƙabartar bayan gari, ɗan tudun ƙasa da ruwan damina biyu ya riga ya fara shafewa.

Ya tsuguna ya yi sallama, ya yi masa addu'a. Sannan ya faɗi maganar nan da ya yi shekara goma sha huɗu yana shiryawa, daga farkonta har ƙarshenta.

Ko minti biyu ba ta kai ba.

Darasi: In ka san ka ɓata wa wani, kada ka zauna jiran ya huce ya zo da kansa, kuma kada ka ɗauka ya san abin da ke zuciyarka. Ka taka ka je, ka buɗe baki ka ce ka yi kuskure tun yana da kunnen ji. Kuma kada sabon samu ya sa ka ji kunyar wanda ya zauna da kai lokacin da ba ka da komai. Duk wanda ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, shi nake nufi: ka neme shi yau. Ku tura labarin ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mutum biyu da ke can suna jiran juna.