Maganin da Ya Dahu a Ƙarƙashin Kwano

Ku gyara zama. Ni nawa in faɗa ne, hukuncin kuma naku.

A wani ƙauye an yi wani manomin albasa, Malam Gambo, mai fama da ciwon suga. Shekara shida yana yi wa kansa allurar insulin, yana ajiye kwalbar a gindin randa, lafiya lau. Da jikoki suka cika gidan, sai ya yi abin da dattawa ke yi da magani mai daraja: ya naɗe ta a tsumma, ya cusa can sama tsakanin katanga da kwanon rufi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Aka shiga bazara. Kullum yana allura, amma sai ƙishirwa, sai yawan fitsari, sai rama, har ya kwanta. Mutanen gari, kun dai san halinmu, suka ce jifa ne.

'Ya'yansa uku ne. Babban, Sallau, malamin kimiyya ne a wata sakandare. Da ya iso bai bi ta kan zancen jifa ba, ya ce a nuna masa ma'ajiyar maganin. Yana miƙa hannu kwano ya ƙona shi.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da tantanin da ya kewaye ta. Suga ba ya ratsa tantanin nan don kansa, sai insulin ya zauna daram a gurbinsa, sannan ƙofofi su buɗe masa. Shi kuwa insulin furotin ne, zare ne da aka naɗe a wata siffa tasa. In zafi ya ɓata naɗin, ba ya shiga gurbin. Kun taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye? Maganinku ya dahu, Baba. Suga ya cika jini, jiki kuma yana jin yunwa."

Ba don Sallau ba, da an ci gaba da turare da tofi har a binne tsohon.

Na biyun, Barau, ɗan acaba ne, ko sunan furotin bai iya faɗa daidai ba. Malamin asibitin ƙauyen ya ce ba shi da ko kwalba ɗaya, majinyacin kuma ba zai jure jijjigar hanya ba. Barau ya ɗauki flas ɗin shayi ya nufi birni, tafiyar awa uku. Ya samo sabuwar kwalba, ya sa ta a flas da ruwan sanyi. A hanyar dawowa taya ta fashe a dokar daji. Ya yar da babur ɗin da yake ci da shi a nan, ya rungume flas ya kama gudu cikin tsakar rana. Ya iso tafin ƙafarsa duk bororo, maganin kuwa da sanyinsa. Malamin asibiti ya yi aikinsa, kwana biyu tsoho ya tashi zaune.

Sai dai ƙauyen ba lantarki, ba firji, ga bazara da sauran wata biyu. Zafin shekarar ya wuce na kullum, gindin randa ma ya daina isa. Sallau ya san sanyi ake so, amma duk karatunsa bai san inda zai samo shi ba. Autarsu Lantana kuwa mai ginin tukwane ce. Ta ɗauko babbar tukunya ta sa ƙarama a ciki, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi, ta sa kwalbar a cikin ƙaramar, ta rufe da ɗanyen tsumma, ta ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Iska na busar da ruwan yashin, cikin tukunyar na yin sanyi. Safe da yamma sai ta baro gidan mijinta ta zo ta ƙara ruwa. Ba ta taɓa fashi ba har damina ta sauka.

Da Malam Gambo ya miƙe, ya tara su. Ya ce ƙarfin ban-ruwa ya ƙare masa, yana so ya ba da garkarsa kyauta tun da ransa ga wanda ya cece shi. Rijiya ɗaya ce a garkar, ba ta rabuwa uku. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai zaɓa, abin tausayi.

To, jama'a, da wanda ya gano, da wanda ya kawo, da wadda ta tsare, wa za ku miƙa wa gugan rijiyar nan, ku iya kallon sauran biyun ido da ido?