Maɓallai Ashirin a Faranti

Akwai wani tsohon malamin Turanci da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Baba Ƙamus. Shekara talatin yana buga tebur yana cewa, "Small daban, trivial daban. Na farko ƙarami ne kawai, na biyu shi ne marar amfani. Duk wanda ya haɗa su, jan birona na jiransa."

Bayan ya yi ritaya, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama matarsa, hannun dama ya daina motsi. Likita ya ce kullum da safe ta tsinci maɓallai ashirin daga faranti zuwa kofi. In ta yi sakaci, yatsun za su sandare har abada.

Matar nan fa tela ce, gwana. Ta ture farantin. "Ni za a ba wasan yara? Malam, kwashe min shirmen nan."

Hankalinsa ya tashi. Har ya gyara murya zai fara lacca, ta tare shi. "In Turanci ne, riƙe abinka."

Ya haɗiye. Duk wanda ya san Baba Ƙamus ya san ba ƙaramin jihadi ya yi ba.

Washegari sai ga shi da faranti biyu, ya zura hannunsa cikin safa mai kauri don shi ma tsintar ta yi masa wuya. "Tsere za mu yi."

Maɓallin farko ya suɓuce masa ya shige ƙarƙashin gado. Ya durƙusa nema, gwiwoyi na ƙara. Ta yi dariyar da rabonta da ita tun asibiti. "Duk karatunka maɓalli ya gagare ka? Miƙo nawa."

A ranar, maɓallai biyu kacal ta tsinta, tana gumi, tana hawaye. Wata rana takaici ya sa ta watsar da su, ya bi ya tsince su. Sai da aka yi wata biyu ta cika ashirin.

Wata safiya ya shigo da farantan, ya tarar da rigarsa a cinyarta, allura a hannun dama tana rawa, amma tana shiga tana fita. Ya tsaya ƙiƙam, idonsa ya cika.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Matsa, Malam, ka tare min haske."

Darasi: Ƙanƙantar abu daban, rashin amfaninsa daban. Kada ka raina ɗan abin da za ka iya yi wa naka kullum, da shi ake tayar da wanda ya fidda rai. Tura wa mai jinyar wani, ko zai ƙara haƙuri.