Sabon Irin Malam Isiyaku

Akwai wani manomi a Rigachikun, Malam Isiyaku, mutum ne da in ya yi magana a kan gona makwabta ba sa ja. Wata shekara wani mai shago a Babbar Kasuwa, Mansur, ya ba shi sabon irin masara ya gwada. Ya shuka shi a gefe ɗaya na gonarsa, tsohon irinsu kuma a ɗaya gefen.

Da kaka ta yi, sabon irin ya kusa ninka tsohon. Malam Isiyaku ya ce zai gaya wa makwabta su kai tsohon irinsu inji a niƙa, baɗi kowa ya shuka sabo.

'Yar ƙanwarsa Harira malamar gona ce. Da ta ji, ta je har gida.

"Kawu, a wane gefe ka sa sabon?"

"Gefen da shanu suka shekara suna kwana."

"Tsohon fa?"

"A tudu. Me kike nufi?"

"Ina nufin ba mu san wa ya yi aikin ba, irin ne ko kashin shanu. Wa ya zaɓi wurin, kai ko Mansur?"

Malam Isiyaku ya ƙura mata ido. "Wa ya turo ki? Ko ofishinku ma akwai irin da kuke so ku cusa mana?"

Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, iri in an niƙa ba ya dawowa. Ka ba ni damina ɗaya."

Ya yarda, ba don ya amince da ita ba, sai don ya kama ta.

Da ruwa ya sauka, ta auna fili takwas daidai wa daida, huɗu a gefen shanu, huɗu a tudu. Ta ce a kowane gefe, biyu sabo, biyu tsoho. Ya ce shi zai zaɓa.

"Ba kai ba, ba ni ba. Ƙuri'a."

"A jakarki? Ban yarda ba."

"To, ciro hularka."

A cikin hularsa aka zuba takardun ƙuri'ar, da hannunsa ya ɗauka. Rana ɗaya aka yi shuka, taki ɗaya, noma ɗaya. Duk sanda ta zo gonar yana biye da ita, yana kallon hannunta.

Da aka sussuke, shi ya riƙe mudu. A gefen shanu, sabon iri ya ba da mudu talatin da ɗaya a fili guda, ashirin da bakwai a ɗayan; tsoho talatin a guda, ashirin da takwas a ɗayan. A tudu babu filin da ya kai ashirin.

Harira ta ce, "Ka gani, Kawu? Filayen sabon irin su biyu na gefen shanu, mudu huɗu ne tsakaninsu. In ka haɗa su ka kwatanta da na tsohon, babu bambancin ko mudu ɗaya. Ƙasar ce ta yi magana bara."

Makwabcinsa Audu ya ce, "Ashe Mansur ya so ya cuce mu. Shi ya nuna maka wurin, ko?"

Malam Isiyaku ya girgiza kai.

"Bai taɓa taka gonar nan ba. Ni na zaɓa. Na ga baƙo ne, na ce ba zan sauke shi a tudu ba."

Audu ya fashe da dariya. "Ka shimfiɗa wa masara darduma ke nan!"

Malam Isiyaku bai yi dariya ba. Ya juya ga Harira. "Ki yafe mini, 'yata. Saura kaɗan in sa unguwa ta tuƙa tuwo da irin iyayenta."

Darasi: Kafin ka ce wannan ya fi wancan, ka daidaita musu wuri, ka maimaita gwajin, ka bar ƙuri'a ta yi rabo. Kafin kuma ka zargi wani, ka fara duba abin da hannunka ya yi. Ku tura wannan labari ga manomin da ke gidanku tun bai kai irinsa inji ba.