Motar da Ta Miƙe Tsaye a Hannun Malam Isma'ila

Ya 'yan uwa, akwai tambayar da aka taɓa yi mini, har yau ban samo amsarta ba. Abin da idan ka naɗe shi mota ne, idan ka warware shi mutum ne mai kai da ido da hannuwa, mene ne hukuncinsa? Mota ka ajiye a ɗaki, ko gunki? Na buɗe 'yan littattafan da nake da su, na tambayi waɗanda suka fi ni karatu. Wani ya ce a duba siffar da aka ajiye shi a ciki. Wani ya ce a duba niyyar wanda ya ƙera. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani shi ne labarin mutumin da ya fake da wannan tambaya.

An yi wani mutum a nan Rano. Ba zan faɗi sunansa na gaskiya ba domin yana raye, mu kira shi Halliru. Asalinsa ɗan Fammar ne ta ƙasar Kibiya, ɗan wani malamin allo, Malam Isma'ila. Sana'arsa haɗa sola, kuma Allah ya yi masa hannu. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya bin mata. Wanda ya gan shi a sahun gaba ba zai ce akwai abin da zai kayar da shi ba.

Tun yana yaro yake ƙera motoci da karan dawa da gwangwani. Wata rana ya gina mutum da yumɓu, ya sa masa ido da tsakuwa. Mahaifinsa ya karɓa ya murƙushe, ba tare da faɗa ba, ya ce, "Mota ka yi ta yi, Halliru. Amma mai fuska, bar wa wanda yake busa rai."

Shekaru suka wuce. Rannan yana duba waya ya ci karo da wani bidiyo: wata jar mota a kan tebur, hannu yana murɗa ta nan, yana buɗe ta can, sai ga ta ta zama mutum-mutumi tsaye da ƙirji da kafaɗu. Kayan wasa ne na ƙasashen waje, amma ba na yara ba. Manyan mutane masu gemu ne suke saye suna tarawa. Halliru ya maimaita bidiyon har cajinsa ya ƙare. Ga motar da aka halatta masa, ga mutumin da aka hana shi, a jiki ɗaya.

Na farkon da ya saya kuɗin tunkiya ne. Na gaba kuɗin maraƙi. Kafin shekaru kaɗan ya kai ga wanda kuɗinsa ya kama na bijimi, wata tirela mai batir wadda da kanta take warwarewa ta miƙe idan an danna mata maɓalli.

Ba zan ɓoye muku ba, na ga kayan nan da idona. Aiki ne na ban mamaki. Kowace gaɓa tana shiga 'yar uwarta daram. Duk wanda ya ce babu kyau a ciki bai gani ba ne. Shaiɗan ai ba ya farauta da mummunan abu.

Akwai wani abokinsa mai shanu daga wajen Yalwa, ana ce masa Kawu. Ya zo ganin tirelar, ya ji kuɗinta, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Tana ba da nono?"

"Haba Kawu."

"Tana haihuwa?"

"Ba ta haihuwa. Amma ba ta ciwo, ba ta mutuwa, ba ta shiga gonar mutane a kai ka wurin dagaci. Kamfanin da ya ƙera ta kaɗan suka yi suka daina. Kullum darajarta hawa take."

"Wa ya gaya maka?"

"Masu harkar."

"Masu sayar maka ke nan," in ji Kawu. Suka yi dariya su biyun.

Halliru ya yarda da maganarsa har zuciya, domin yana cikin wani zaure a waya, shi da wasu mutane a Legas da ƙasashen waje, kullum abin da suke gaya wa juna ke nan. Ɗakuna uku ne a gidansa. Ɗaya nasa da matarsa Ramlat da 'ya'yansu. Ɗaya na bakin zaure, yana yoyo. Na ukun shi ne ɗakin kirki, mai silin da tayil da fanka, nan ya kafa kabad na gilashi ya jera su, kwalayensu a sama.

Sai damina ta yi nauyi. Ƙanwarsa Suwaiba, wadda mijinta ya rasu ta koma kula da mahaifinsu a Fammar, ta zo Rano da laka har gwiwa.

Ta ce, "Yaya, bangon ɗakin Baba ya sha ruwa, ya tsage ta gabas, hannuna yana shiga. Ga tari ya hana shi sakat. Ya yarda zai zo nan har damina ta wuce, amma ya ji labarin abin da ke ɗakin nan. Ya ce ba zai kwana da masu fuska ba. Ka kwashe su ka kai ɗakin zaure."

Ya ce, "Ɗakin da yake yoyo? Kin san me danshi yake yi musu? Gaɓoɓin su yi tsatsa, kwalayen su kumbura, shi ke nan an yi asara."

"Baba fa nake ce maka."

"Na ji. Ki ba ni zuwa jibi."

Ya rufe kansa a ɗaki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa. Kai ya shige ƙirji, hannuwa su koma ƙofofi, ƙafafu su zama tayoyi. Da Suwaiba ta dawo sai ta tarar da kabad cike da motoci da jirage.

Ya ce, "Je ki gaya masa babu komai sai motoci."

"Yaya, wannan ai ƙarya ce."

"Duba da idonki. Kin ga mutum?"

Ta duba, ba ta ga mutum ba. Ta tuna tsagar bangon nan, ta juya ta tafi ta kai saƙon.

Aka kawo Malam a adaidaita sahu. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce, "Halliru, akwai mai fuska a ciki?"

"Motoci ne kawai, Baba."

Tsohon ya yi murmushi. "Kai da motoci ai tun kana tsirara." Ya yi bisimilla ya shiga.

Ɗakin ya karɓe shi. Tari ya lafa, ya fara cin tuwo, da yamma yana zama a ƙofa yana tilawa. Halliru ya ce a ransa ya gama dabara: ga uba a inuwa, ga kaya a bushe, ba wanda ya cutu.

Wata rana bayan azahar ya fito da tirelar nan ya jona ta a caji a kan ɗan teburin da ke gefen gadon Malam, ya fita amsa sallama. Malam ya miƙa hannu yana laluben carbinsa. Ya taɓa wani abu mai sanyi, ya ɗauka yana shafawa, yana jin tayoyin, yana tuna motocin kara. Yatsansa ya faɗa kan maɓalli.

Abin ya yi ƙara ya fara motsi a hannunsa. Ƙofofi suka buɗe, ƙafafu suka miƙe, kai ya ɓullo daga ƙirji, idanu suka kawo haske. Tsohon ya firgita, ya damƙe abin da ƙarfi yana salati.

Halliru ya faɗo ɗakin a guje. Bai ce "Baba, lafiya?" ba. Ya cafke wuyan hannun mahaifinsa ya murɗe, ya ce, "Sake shi, za ka karya masa wuya!"

Malam ya saki. Halliru ya ɗaga abin wajen haske yana dubawa, ya ga bai karye ba, ya yi ajiyar zuciya. Sai a lokacin ya waiwaya. Fatar tsoho ba ta da kauri. Shatin yatsunsa yana kwance a hannun mahaifinsa.

Malam ya ce a hankali, "Ashe wuya gare shi."

Halliru ya durƙusa ya fara kawo hujja. Malamai sun yi saɓani, kayan wasa hukuncinsu daban, kuma ai a siffar mota suke kwana.

"Ban tambaye ka fatawa ba," in ji Malam. "Da ka ce mini akwai su, da na kwanta a ɗakin yoyo ina sa maka albarka. Hannun nan shi ya rubuta maka allonka na farko. Kira mini Suwaiba."

Suwaiba ta ja yayanta gefe tana hawaye. "Har yanzu da sauran dama. Ka kwashe su yanzu yana ji, ka ba shi haƙuri. Wallahi zai zauna, na san shi."

Halliru ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ya ce, "Bari ruwan nan ya sauka ya ɗauke tukuna."

Malam bai jira ruwa ya ɗauke ba. Ya koma Fammar a ranar.

Ba a yi mako ba aka tashi da ruwan da ya wuni yana zuba. Da hantsi, Malam yana zaune a kan buzunsa, bangon gabas ya kwanto. Maƙwabta suka tono shi da hannu da fartanya. Ƙugunsa ya karye, kansa ya bugu. Aka wuce da shi asibiti a Kano, likita ya ce sai an yi aiki, kuma da gaggawa.

Halliru ya ce wa Suwaiba kada ta damu, yana da dukiya a kabad. Ya ɗauki hotunansu ya zuba a zauren nan na waya, ya rubuta cewa mahaifinsa yana kwance, duk mai so ya saya. Amsoshi suka shigo. Kaya masu kyau, Allah ya ba Baba lafiya. Wani ya ce yana da irinsu. Wani na Legas ya taya abin da bai kai rubu'i ba, wai kusurwar kwalin ta lotsa. Wani na ƙasar waje ya ce kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Ya rage farashi, shiru. Ya sake ragewa, shiru. Ya bi su ɗaya ɗaya yana roƙo, har wasu suka daina ɗaga wayarsa.

Ya rungumi tirelar ya shiga kasuwar Rano da ita, rumfa rumfa, yana danna maɓalli tana miƙewa. Mutane suka taru suna kallo suna dariya. Wani ɗan kasuwa ya taya ta kuɗin zakara, wai zai kai wa ɗansa. Ya tafi rugar Kawu, ya ce ya karɓa ya ba shi ko da maraƙi ne. Wannan karon Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban san inda zan ɗaure ta ba, Halliru." Ya kwance rago ya miƙa masa igiyar. "Je ka sayar. Don Malam na ba ka."

Ya sayar da ragon. Ya sayar da babur ɗinsa. Ya sayar da tsaninsa da na'urar huda bango da duk kayan aikin da yake ci da su. Ramlat ta cire 'yan kunnenta ta ba shi. Ranar da kuɗin suka haɗu ya isa asibiti yana haki, likita ya ja shi gefe ya ce lokacin aiki ya wuce. Ku kai shi gida, ku yi masa addu'a.

Wane gida? Na Fammar ya zama tulin ƙasa.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Kuna son sanin ko kayan nan sun cancanci kuɗinsu? Darajar abu tana bayyana ranar da ka ɗauke shi a guje kana neman ceto. Kabad guda bai sayi kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Kuma kada wani ya ce shi ba ya tara mutum-mutumi, saboda haka ya tsira. Naka yana iya zama waya, ko mota, ko shadda, ko tattabaru. Ka tambayi kanka, mene ne abin da idan ya faɗi tare da mahaifinka, shi za ka fara dubawa? Ban san hukuncin siffar ba, na faɗa muku tun farko. Amma abin da ya sa ɗa ya yi wa ubansa ƙarya a bakin ƙofa, ya murɗe masa hannu, ya zaɓa masa ruwa, ba sai na buɗe littafi ba kafin na san inda ya zauna a zuciyarsa.

Halliru ya riga motar asibiti isowa Rano. Ana yayyafi. Ya buɗe kabad ya fara kwasa. Bai nemi kwalaye ba, bai naɗe kowa ba. Ya cika zanin gado da su, ya ja ƙullin a tsakar gida ta cikin taɓo, ya juye a ɗakin zaure daidai inda rufin yake ɗiga. Ya koma ya sake cikowa. Ya kira maƙwabci suka fitar da kabad ɗin. Ya share ɗakin, ya goge, ya shimfiɗa katifa.

Aka shigo da Malam aka kwantar. Tun da bangon ya faɗo hankalinsa yake zuwa yana tafiya, bai san garin da yake ba. Can ya motsa, ya miƙa hannu yana shafa bango, ya ce da muryar da sai an sunkuya ake ji, "Wane ne a ɗakin nan?"

Halliru ya kama hannun, wannan hannun dai, ya riƙe shi a tafukansa biyu kamar ƙwai.

"Babu kowa, Baba. Ni kaɗai ne."

 Malam bai janye hannun ba.

Ya Allah, kada ka bar abin da hannuwanmu suka saya ya mallaki zukatanmu. Ka ba mu ikon kwashe ɗakunanmu tun iyayenmu suna gane muryarmu. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka yafe wa wanda ya tuba ko da ya makara. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.